Jaye Mai Juya Idon Dodo

Idan ka sauka tashar Gazawa ka ce kana neman Jaye, wanda ka tambaya zai ce, "Wa? Bafillacen gidan gem?" Sai ya nuna maka wani dogon dattijo mai malafa a bakin ƙofar shagon Hambali, hannunsa na dama a kan gwiwa, babban yatsan a sandare. Ba wanda zai ce maka makiyayi ne, alhali shekara arba'in ya yi yana bin shanu, wata huɗu kacal ya yi yana wasan gem, wato wasan na'ura a tele. To, haka mutane suke, abin da ka yi a gabansu shi ne sunanka.

An haife shi a wata rugga kudu da gari, dab da iyaka, shekarar da ƙasa ta samu mulkin kai. Haka dai uwarsa ta ce, kuma duk Bafillacen da ya yi furfura a yankin nan haka uwarsa ta ce. Bai ga ƙofar lakol, makarantar boko, ba. Karatunsa na sallah ne, sai karatun dabba, wanda a nan kam ya yi sauka. Tun yana saurayi aka san shi da abu guda, juya bajimin sa. In bajimi ya fusata a bakin rijiya ya nufi mutum, kowa gudu yake, wasu su yi ta yi wa wanda aka nufa ihu. Jaye ba ya kallon mutumin. Sai ya koma gefe, ya buga sanda a jikin kwamin shan ruwa, ya kaɗa malafa, ya yi wani fito mai kaifi, har san ya waiwayo gare shi. Yakan ce dabba mai fushi ido ɗaya gare ta, in ka karɓe shi ta manta da kowa. Tabon ƙaho biyu ne a haƙarƙarinsa, ban da na bulalar sharo.

Ɗansa na fari sunansa Sufyanu. Mu ne muka faɗi sunan, Jaye bai taɓa faɗa ba. Ɗan fari a wurinsu ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a kafaɗa, ba a cin abinci ƙwarya ɗaya da shi, ba a shigar masa faɗa a gaban mutane. Mu ma Hausawa muna da wannan kunya, amma tamu ta yi sanyi, tasu tana nan daram. Sufyanu a hannun kakarsa ya tashi, ya girma, ya yi aure, ya kai shekara ashirin da huɗu, ubansa bai taɓa ce masa fiye da "kai" ba. In zai yi maganarsa sai ya ce "wancan", ko "mai shanu". Kada ka ce ba ya son sa. Duk duniya babu abin da Jaye yake tsoro kamar wani abu ya taɓa wancan ɗin, kuma babu wanda ya isa ya ji haka daga bakinsa.

Sai damina ta ƙi a shekarar dubu biyu da tara. Kafin rani ya raba, kara ma ya zama abin nema. Shanu suka fara kwantawa, ana tada su da itace. Da ruwan farko ya sauka da sanyinsa, waɗanda suka jure yunwa suka ƙarasa. Garken da ya haura talatin ya koma bakwai. Shanu bakwai ba sa buƙatar maza biyu, ba sa kuma ciyar da gida biyu. Wata safiya Jaye ya ajiye guga da igiya a bakin bukkar Sufyanu, ya ce wa matarsa Ummi, da ƙarfi yadda za a ji a waccan bukkar, "Zan shiga gari. Mai shanu ya kula da burtali, bana manoma ba su da haƙuri." Ya ɗauki sandarsa da butarsa ya kama hanya. Lokacin sojoji ke riƙon ƙwarya, rediyo ba ta da zance sai na sabon tsarin mulki da zaɓen da za a yi.

Hambali tsohon malamin lakol ne na kwantiragi, wanda moto, wato babur, ya kayar ya bar shi da ɗingishi. Ya buɗe shago a bakin tasha: tele biyu, na'urar wasa biyu, benci uku, da gurup, wato injin wuta, a bayan katanga. Yana neman wanda zai share wuri, ya zuba wa gurup mai, ya ja igiyarsa, ya hana akuya shiga. Ya san Jaye tun lokacin da Ummi take kai wa uwarsa nono, don haka maganar ba ta yi tsawo ba. Masu zuwa shagon galibi ƴan kabu-kabu ne, masu haya da moto, da suke jiran fasinja, kuma wasansu ɗaya, ƙwallo. A cikinsu akwai Ɗantala, mai sabon jan moto, mai gonar wake a kudancin gari, mutumin kirki in ya ci wasa.

Da damina ta kankama, ƴan kabu-kabu suka riƙa wucewa gona da safe, shago ya zama ba kowa daga hantsi har la'asar. A nan ne Hambali yake fito da wani faifai da ya zo cikin tarin da ya sayo a ƙetaren iyaka. Ba mai son sa. Rubutun ciki ba Faransanci ba ne, ba Ingilishi ba, ba Larabci ba, wani abu ne kamar sawun kaji, ga shi wasan ba gudu, ba cin gol. Mutum huɗu ne suke tafiya tare, su ratsa daji, su shiga kogo, sai dodo ya tare su. Daga nan faɗan bi da bi ake yin sa. Kowane ɗaya cikin huɗun ya yi abu guda, dodo ya yi nasa, zagaye ya cika, a sake. Kowa yana da jan layi a bisa kansa, shi ne ransa, in ya ƙare ya faɗi.

Tun da ba a iya karanta sunayensu, Hambali ya raɗa musu nasa. Mai faɗin ƙirji, mai rigar ƙarfe da gatari, shi ne Ƙato. Mace mai farar riga, wadda take mayar wa mutum jan layinsa in ya ragu, ita ce Likita. Tsoho mai jefa wuta, Boka. Na huɗu wani saurayi ne mai baka da kibiya, harbinsa da zafi, ransa ɗan kaɗan, shi aka ce wa Siriri. Likita tana da wani aiki bayan magani. Takan zagaye mutum ɗaya da shuɗin haske, sai duk dukan da aka yi masa ya ragu da rabi. Hambali ya ce kada wanda ya kira abin nan sihiri a shagonsa, yana da maƙwabta. Sunansa garkuwa.

Wata guda cur Hambali yana maƙale a bakin wata gada, inda wani dodo mai kan kura yake tsaye. Kullum labarin ɗaya ne. Dodo ya make Siriri, Hambali ya yi maza ya sa masa garkuwa, dodo ya juya ya make Likita, Likita ta faɗi, sauran su bi ta ɗaya bayan ɗaya. Sai Hambali ya yar da manet, wato abin dannawar, a kan benci, ya ce wasan nan zalunci ne, dodon ba shi da tsari, wanda ya ga dama yake duka.

Jaye ya yi makonni yana kallo ta gefen ido, da tsintsiya a hannu. Ran nan ya ce, "Malam, yana da tsari."

"Mi ka ce?" in ji Hambali.

"Dabbar nan. Kai mutanenka kake kallo, ba ka kallon ta. Kafin ta yi duka tana juya kai. Duba, wa take kallo yanzu?"

Hambali ya duba. Wallahi kuwa, kan dodon ya ɗan karkata wajen Likita.

Jaye ya ce, "Wanda ya fi ji mata ciwo shi take bi, shi ya sa take farawa da siririn nan. Amma in macen nan ta yi magani, ko ta sa haskenta, sai dabbar ta bar shi ta koma kanta. Mai gyara ɓarna ya fi ba ta haushi bisa mai dukanta. Kai kuma kana kai garkuwa inda anka riga anka yi duka. Ta wuce nan, Malam."

Hambali ya dube shi daga malafa har takalmi, ya ce, "To, malamin dodanni, zo ka riƙe."

Kada ka ga riƙon ranar farko. Yatsun da suka saba da igiyar rijiya suna danna maɓalli biyu lokaci ɗaya, ya sa Boka ya ƙone Ƙato sau biyu, ya sa Likita ta yi wa dodo magani. Hambali ya yi dariya har da hawaye. Jaye bai yi ba. Mako guda ya ɗauka yatsan ya saba, kuma wasan ya dace da shi, don ba ya gaggawa. Dodo yakan tsaya yana jiran ka har ka gama tunani, abin da bajimi bai taɓa yi masa ba.

A cikin ayyukan Ƙato akwai wani da Hambali ya gwada sau ɗaya ya watsar. In an danna, Ƙato yakan bugi ƙirjinsa da gatari ya yi ruri, shi ke nan, ko ɗigo ba ya raguwa a layin dodo. Hambali ya ce ɓata zagaye ne. Ranar da Jaye ya danna shi, sai ya matso bakin benci. Kan dodon ya bar Siriri, ya juyo kan Ƙato, ya tsaya a nan har zagaye biyu, ko me sauran suka yi masa.

"Ashe!" in ji Jaye. "Wanga ai fito ne."

Suka sa masa suna kira. Daga nan Jaye ya shiga tattara dokokin wasan ɗaya bayan ɗaya, ba takarda ba alƙalami, da faɗuwa da sake tashi. Garkuwa zagaye uku take yi, a na uku takan yi ƙyafta-ƙyafta ta ɓace. Ba ta hana duka, rage shi take. Ba ta tare wuta, wannan sai wani haske daban, rawaya. In ka ɗora wata kan wadda ba ta ƙare ba, ba a ƙara maka kome, ƙarfin Likita kawai ka zubar. Kira kuma zagaye biyu ne, don haka sai ka riƙe lissafin biyun a kanka, kada ɗaya ya ƙare ba ka sani ba. Babbar dokar ita ce jeri: garkuwa tukuna a kan Ƙato, sannan ya yi kira. In ya yi kira ba garkuwa, duka uku ya ishe shi.

Akwai ta ƙarshe, wadda ta fi ba Jaye tsoro. In jan layin wani ya kusa ƙarewa, dodo yakan manta da mai dukansa, ya manta da mai magani, ya nufi wannan raunannen kai tsaye. A nan garkuwa ba ta da amfani, don rabin duka ma ya isa ya kashe shi. Magani kuma ƙara wa dodon haushi yake. Abu ɗaya ne yake juya shi, kira.

Ranar da suka ƙetare gadar, Hambali ya yi tsalle da ƙafarsa mai kyau yana kabbara. Jaye ya ajiye manet ya fita duba gurup.

Wata rana Hambali ya taɓa layun da ke dantsen Jaye ya ce, "Baffa, taka garkuwar zagaye nawa take?"

Jaye ya ce, "Wanda ya ba ni bai faɗa ba. Ta cikin tele ta fi gaskiya, tana ƙyaftawa in za ta ƙare."

Hambali ya lura da wani abu kuma. Jaye yakan bar Boka ya faɗi bai damu ba. Yakan bar Likita ma in ta kama. Amma tun da ya kama manet, Siriri bai taɓa faɗuwa a hannunsa ba, ko da za a yi asarar faɗan gaba ɗaya. Hambali ya ce masa cikin wasa, "Siririn nan ɗanka ne?" Jaye ya miƙe ya ce yana jin man gurup ya yi ƙasa, alhali bai daɗe da cika shi ba.

Kaka ta zo. An yanke gero, wake yana gona, ba a kai ga sakin gonaki ga dabbobi ba. Mutane sun fito daga shekarar yunwa, kowace ƙwayar wake ido ake sa mata. Wani yammaci shanu biyu cikin bakwai ɗin nan suka bar burtali suka faɗa gonar Ɗantala, suka cinye kusurwa guda. Ko burtalin ne aka matse da shuka, ko Sufyanu ne ya yi gyangyaɗi, har yau kowa da tasa maganar. Washegari ranar kasuwa ce. Sufyanu ya shigo gari da hantsi, zai sayi kanwa, sannan ya je wurin mai unguwa a kira mai gona a daidaita. Ɗantala ya riga shi gani, a tsakiyar tasha.

Kafin ka ce kwabo mutum goma sha sun zagaye shi, ƴan kabu-kabu da ƴan kallo. Ɗantala yana ta faɗa, Sufyanu ya sunkuyar da kai bai amsa ba, domin kuwa haka aka tarbiyyantar da shi. Su kuma suka ɗauki shirun raini ne. Wani ya mare shi. Wani ya fizge sandarsa ya jefar. Hambali ya ɗingiso bakin ƙofa yana cewa, "Ku yi wa Allah, ku yi haƙuri, a je wurin mai unguwa!" Aka ce masa, "Malam, kai ma da su kake?" Wata mai tallar nono ta kutsa ta sa gefen zanenta tana goge masa jinin leɓe, sai aka ture ƙwaryarta, aka ƙara masa biyu.

Jaye yana tsaye a ƙofar shago, da jarkar mai a hannu. Ya ga Sufyanu ya durƙusa kan gwiwa ɗaya. Ya ga wani ƙaton saurayi a baya ya ɗago ƙotar fartanya yana neman hanya. Tsoron da yake ɓoyewa shekara ashirin da huɗu ya taso masa. Ya shiga ya ce ɗansa ne? Bakinsa ba zai iya ba a gaban taro, kuma ko ya iya, ya ga abin da roƙo ya jawo sau biyu. Ya shiga ya rufe shi da jikinsa? Ba za su bar wanda suke kallo ba, ta gefensa za su bi, kuma rabin dukan wannan ƙota ma ya isa ya fasa kai. Lokacin abu ɗaya ne ya rage masa.

Ya ajiye jarka, ya ce wa Hambali, "Buga wa mai unguwa salula." Ya ɗauki sandarsa. Bai nufi taron ba, gefe ya koma, ƙarƙashin bedi, wato bishiyar dogon yaro, inda ake jere motoci. Jan moton Ɗantala yana gaba, ledar kamfani ma ba a cire daga kujerarsa ba. Jaye ya cire malafa, ya sa yatsu a baki ya yi fiton nan nasa na bakin rijiya. Sannan ya ɗaga sanda ya sauke a kan madubi, ya ƙara a kan tanki, ya sa ƙafa ya ture moton, ya faɗa kan na kusa da shi, wancan ma ya bi.

"Ni na kora shanun!" in ji shi, da wata murya da ba a taɓa jin yana da ita ba. "Ni na buɗe musu hanya! Waken Ɗantala ma wake ne? Ko akuya ba ta ƙoshi da shi!"

Ya ga kawuna suna juyowa, na Ɗantala da farko, sannan sauran, har mai ƙotar fartanya. Ya jira sai da na ƙarshe ya juyo. Sannan ya ɗaga murya da Fillanci ga mata masu tallar nono, ba ga ɗansa ba, ya ce su janye wancan, shanu ba su sha ruwa ba. Mata huɗu suka kama Sufyanu. Ya yi ta fizge-fizge, amma wanda ya sha duka ba ya ƙwacewa daga hannun matan da suke ɗauko ƙwarya daga rugga kullum. Suka tura shi cikin shagon wani mai hatsi, aka ja ƙofa.

Jaye ya yar da sanda, ya sa hannun dama ya rufe kansa. Bai rama ba, bai yi kuka ba, mutumin da ya sha sharo. Ƙotar da aka ɗago domin Sufyanu a kan hannun nan ta sauka. Dukan bai daɗe ba. Da suka ga farin gemu cikin ƙasa da jini, sai hannuwa suka fara sanyi, wani ya ce, "Kai, ya isa, tsoho ne fa." Lokacin da mai unguwa ya iso da liman, taron ya riga ya fara watsewa, kowa yana cewa shi rabo ya zo yi.

Aka kai shi wurin maɗori. Ƙashi biyu ya karye a bayan hannu, babban yatsa kuma ya goce. Bayan kwana uku aka zauna gaban mai gari, aka daidaita maganar wake da ta moto. Jaye ya ce yana da gyara, ba shi ya kora shanun ba, ƙarya ya yi. Mai gari ya ce ya sani, kowa ma ya sani, mutumin da yake kwana a tasha yaushe ya je burtali? Ɗantala ya zo shago sau ɗaya bayan haka, ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, ya ce, "Baffa, ya hannun?" Jaye ya ce da sauƙi. Ɗantala ya juya ya tafi. Tun daga ranar a ɗaya gefen tashar yake jiran fasinja.

Hambali ne ya kasa haƙuri. Ya zaunar da shi ya ce, "Kai da bakinka ka koya mini. Garkuwa tukuna, sannan kira. Mi ya hana ka jira mai unguwa ya iso?"

Jaye ya ce, "Zagaye ɗaya ya rage, Malam."

"In da sun kashe ka fa?"

"Ƙato ai don haka anka sa shi gaba."

Hambali ya ce wannan maganar banza ce, mutum ba hoton tele ba ne, ba a sake kunna shi. Jaye ya ce gaskiya ne, shi ya sa bai jira ba.

Hannu ya warke, yatsan bai dawo ba. Jaye yana jan igiyar gurup da hagu, yana shara da hagu, amma manet ya fi ƙarfinsa, don duk aikin a babban yatsan dama yake. Aka yi zaɓe, motocin kamfe suka cika tasha da kiɗa suka wuce, sojoji suka miƙa mulki. Mutanen nan huɗu kuwa suna nan tsaye a bakin kogo na ƙarshe, cikin ɗan katin ajiyar na'ura. Hambali ya ƙi ƙarasawa shi kaɗai, ya ce ba shi ya kawo su nan ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi, shago ba kowa, Sufyanu ya zo da ƙwaryar nono. Ya ajiye ta a bakin ƙofa, ya gai da Hambali, ya tambayi iyalinsa, bai dubi inda ubansa yake ba. Jaye ma ya ga wani abu mai muhimmanci a jikin rufin kwano. Sufyanu ya zauna can ƙarshen benci. Sai Hambali ya sa faifan, ya miƙa wa Sufyanu manet.

Kafin azahar ya fara gane maɓallan. Jaye yana bayansu a kan jarka, yana magana da Hambali kawai. "Malam, gaya mishi ya dubi kan dabbar." "Malam, gaya mishi kada ya yi magani yanzu." Hambali yana maimaitawa, kamar Sufyanu yana wani gari. Suka shiga kogon, dodon ƙarshe ya tare su. Sufyanu ya sa Likita ta zagaye Ƙato da shuɗin haske, sannan Ƙato ya bugi ƙirji ya yi kira. Jaye ya gyaɗa kai, daidai ne.

Zagaye ya dawo kan Likita. Sufyanu ya sake ɗora wa Ƙato garkuwa.

Jaye ya yi gyaran murya. Zagaye na uku ya zo, Boka yana buƙatar magani, layinsa ya yi ƙasa. Sufyanu ya wuce shi, ya sake kai hasken kan Ƙato.

Jaye ya ce, "Malam, gaya mishi ta farko ba ta ƙare ba. Ɓarna yake."

Hambali ya buɗe baki zai maimaita, Sufyanu ya riga shi. Idonsa yana kan tele ya ce, "Malam, gaya mishi na gani."

Ya sake dannawa.